Yadda Ake Zaɓen Sukuru Don Dandamalin Katako na Bayan Gida

Masu son kafa dandamalin katako a bayan gida, na shan iska ko na zama a gefen lambu, sukan yi ta tambaya a kan irin katakon da za su saya da maganin gara, sai a ƙarshe a aiki yaro kasuwa a ce ya sayo sukuru inci uku. A nan aiki yake lalacewa. Loko mai kyau yana iya shekara ashirin a waje, amma baƙin sukurun da aka ɗaure shi da shi ba zai ga damina uku ba. Ga yadda ake zaɓe, mataki bayan mataki, da abin da za a kiyaye a kowane wuri.

1. Fara da katakon, ba da sukurun ba

Kafin ka je shagon kayan ƙarfe, abu uku za ka tabbatar game da katakon da ka saya: irinsa, ainihin kaurinsa, da maganin da aka sa masa.

Irin katako kashi biyu ne a wannan aiki. Akwai mai tauri kamar loko da maɗaci da tik, akwai mai laushi kamar malaina da fain ɗin da ake shigowa da shi daga waje. Mai tauri ba ya karɓar sukuru sai an huda masa rami, kuma shi ne yake karya sukuru mai rauni. Mai laushi yana karɓa cikin sauƙi, matsalarsa kan sukuru yana nutsewa cikinsa ya bar rami. Obeche kuwa kada ma a kawo shi wajen aikin da ruwa zai daka.

Kauri sai ka auna da kanka. Falankin da ake kira inci ɗaya a kasuwar katako sau da yawa milimita 20 ko 22 ne bayan an goge shi, ba 25 ba. Haka tu-bai-fo, da wuya ka same shi cikakken 50 da 100. Sa tef a kan falanki uku ko huɗu daga cikin lodin, ka rubuta abin da ka gani, don da shi za ka yi lissafin tsawo a mataki na 3.

Sai magani. Katakon da aka shafa wa maganin gara na Solignum ko baƙin mai da buroshi ba ya cin ƙarfe. Wanda ake tsoro shi ne katako mai launin kore-kore da aka dura wa magani da inji, mai alamar CCA ko ACQ ko CA. Maganin yana ɗauke da jan ƙarfe, kuma idan danshi ya shiga, jan ƙarfen nan yana cinye sukurun da ba shi da kariya mai kauri. ACQ da CA, waɗanda suka maye gurbin CCA a gine-ginen gidaje a Amurka bayan shekarar 2003, sun fi tsohon cin ƙarfe.

Gargaɗi: kada alminiyam ya taɓa irin wannan katako kai tsaye, ko sukuru ne ko ƙarfen kusurwa.

2. Zaɓi irin ƙarfen

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma a nan mai shago ya fi samun damar sayar maka da abin da yake da shi maimakon abin da kake buƙata. Iri biyar za ka tarar.

Baƙin sukuru, wanda ake ɗaura silin da allon jifsam da shi. Shi ya fi araha, shi ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ne bai kamata ya kusanci dandamali ba. An ƙona ƙarfensa ya yi tauri har ya zama mai saurin karyewa, ba ya lanƙwasa sai dai ya ɓalle. Baƙin da ke jikinsa ba kariyar tsatsa ba ce. Katako yana kumbura da damina, yana motsewa da hunturu, wannan kai da komo kaɗai ya isa ya tsinke masa wuya.

Mai ƙyalli, fari ko ruwan ɗorawa. An yi masa wankan zinki da lantarki, kaurin rufin bai wuce maikiron 5 zuwa 12 ba (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Na cikin ɗaki ne, na kabad da gado. A waje, tun wajen ɗaurawa rufin yake gogewa. Idan mai shago ya ce maka «silba ce, ba ta tsatsa», yawanci wannan yake nufi.

Galbanaiz na tsomawa, wanda aka tsoma cikin narkakken zinki. Launinsa toka-toka ne, ba ya ƙyalli, jikinsa da ɗan kaushi. Rufinsa ya haura maikiron 40, kuma a kwalin na kirki za ka ga an rubuta ASTM A153, wato lambar ma'aunin ingancin rufin. Shi ne daidai wajen manyan noti da ƙarafan haɗi.

Mai rufin fenti na musamman, kore ko ruwan ƙasa ko toka, wanda aka yi shi don dandamali. Ƙarfensa mai ƙarfi ne, ba ya saurin karyewa, farashinsa tsaka-tsaki. Yana yi a wuri mai bushewa irin su Kano da Sakkwato da Maraɗi, musamman idan akwai rumfa a sama. Sharaɗinsa a ga rubutu a kwali cewa ya dace da katako mai magani. Rauninsa ɗaya: duk inda rufin ya kankare, nan tsatsa take kamawa.

Sitenles, wanda kariyarsa a cikin ƙarfen take, ba a fatarsa ba. Daraja biyu ce: A2, wato 304, da A4, wato 316. A2 ya ishi kusan ko'ina a cikin ƙasa. A4 ake nema idan gidan yana kusa da teku, kamar Legas ko Kwatano, inda iska ke ɗauke da gishiri, ko kuma idan dandamalin yana bakin wurin ninƙaya mai sinadarin kilorin.

Idan falankin saman mai tauri ne, shawarar ita ce sitenles A2, kada a tsaya ciniki da zuciya. Dalili bai tsaya ga tsatsa ba. Yawancin katako mai tauri yana da sinadarin da idan ya haɗu da ƙarfe da ruwa yake komawa baƙi, kamar yadda fatar da aka jeme da bagaruwa take baƙi idan an shafa mata ruwan ƙarfe. Za ka ga baƙin zobe ya kewaye kan kowane sukuru, ya shige cikin naman katakon, kuma goge shi da samfefa ba ya fitar da shi duka.

Yadda za ka gwada a shago: tafi da maganaɗisu. Sukurun A2 ko A4 ba ya kamawa, ko ya ɗan kama da rauni. Wanda ya manne ƙam ƙarfe ne na gama-gari, ko kuma sitenles 410, wanda kariyarsa ba ta kai ta A2 ba. Idan za ka sayi da yawa, ɗauki guda biyar tukuna, naɗe su a tsumma mai ruwan gishiri, ka bar su mako guda kana yayyafa ruwa. Na bogi zai nuna kansa.

Gargaɗi: kada ka sayi na awo da aka zuba a roba ba kwali. Abin da ba shi da rubutu ba ka da hanyar sanin darajarsa.

3. Tsawo da kauri

Ƙa'idar masu aikin ita ce tsawon sukuru ya kai kaurin falanki sau biyu da rabi. Abin da ake nema shi ne aƙalla milimita 30 zuwa 35 su shige cikin katakon ƙarƙashi, wato haƙarƙarin da falankin ke kwance a kai.

Falanki mai kaurin milimita 20 zuwa 22: sukuru mai tsawon milimita 50 zuwa 55.
Mai kauri 25: sukuru 60 zuwa 65, wato inci biyu da rabi.
Mai kauri 28 zuwa 32: sukuru 70 zuwa 80.
Mai kauri 38: sukuru 90.

Gajere yana saki idan falanki ya fara murɗewa a rana. Wanda ya yi tsawo fiye da kima kuma asarar kuɗi ne, ga shi ya fi saurin karyewa wajen ɗaurawa. Idan haƙarƙarin a kwance aka sa shi ba a tsaye ba, haɗa kaurinsa da na falanki ka tabbata tsinin ba zai ɓullo ta ƙasa ba.

Kauri kuwa, 4.5 ko 5 milimita. A kwalin Amurka za ka ga lamba 8, wato kusan 4.2, ko lamba 10, wato kusan 4.8. Ga katako mai tauri da sitenles, ɗauki 5. Mai kauri 4 ya yi siriri, kansa zai tsinke. Saboda haka ga falankin loko na cikakken inci ɗaya, wato milimita 25, abin da za ka rubuta wa mai shago shi ne A2, 5 × 60.

4. Dubi jikinsa da kansa

Ɗauki guda ɗaya ka duba. Na dandamali ba a yi masa tiredi, wato murɗaɗɗen zanen jikinsa da ke kama katako, tun daga tsini har wuya ba. Ɓangaren sama sumul yake, kuma tsawon sumul ɗin ya kamata ya yi kusa da kaurin falankinka. Amfaninsa shi ne tiredin ya kama haƙarƙari kaɗai, kan kuma ya jawo falankin ƙasa ya matse. Mai tiredi har sama yana kama katakon biyu lokaci guda, sai ya bar ɗan gibi a tsakaninsu. Wannan gibin shi ne ƙarar da ake ji idan an taka, kuma nan ruwa yake kwana.

Kai ya zama mai nutsewa, wanda zai kwanta daidai da fuskar katako. Wasu suna da ƙananan haƙora a ƙarƙashin kai masu share wa kansu wuri, sun fi kyau a katako mai laushi.

Sai ramin da bakin dirila ke shiga. Abin da ake kira «sta» a kasuwanninmu mai kuros ne, kuma shi ma iri biyu ne, PH da PZ. Na PZ yana da ƙananan layuka huɗu tsakanin hannayen kuros ɗin. Sa bakin PH2 a kan PZ2 shi ne babban abin da ke cinye kan sukuru. Idan da hali ka nemi Torx, mai tsini shida, baki mai lamba T20 ga sukuru mai kauri 4.5, T25 ga mai 5 a mafi yawan kamfanoni. Ba ya zamewa, kuma bayan shekaru idan falanki ɗaya ya lalace za ka iya kwance shi ka canza.

5. Wurin da sukurun falanki ba ya aiki

Duk abin da aka faɗa a sama na ɗaure falanki ne a kan haƙarƙari. Ƙashin dandamalin, inda nauyi yake, wani abu ne daban, kuma kuskure a nan yana iya jikkata mutane.

Inda babban gungume ya haɗu da ginshiƙi, a sa dogon noti mai ratsawa, M12, wato mai kaurin milimita 12, galbanaiz na tsomawa, guda biyu a kowane haɗi, da faffaɗan washa gaba da baya. Abin da ya fi ma shi ne a yanka wa ginshiƙin kafaɗa gungumen ya zauna a kai, notin ya zama riƙo kawai. Ginshiƙan makarin gefe, wanda mutane ke jingina da shi, su ma noti biyu M12 kowanne. Sukuru mai kauri 5, ko guda goma ka jera, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ta gefe ba.

Idan an yi amfani da ƙarfen rataye haƙarƙari, a cika dukkan ramukansa da irin ƙusa ko sukurun da kamfanin ya ambata. A kuma daidaita ƙarfe da ƙarfe: galbanaiz da galbanaiz, sitenles da sitenles. Idan aka gauraya su a wuri mai danshi, zinkin ne yake fara cinyewa.

Gargaɗi: kada a rataya dandamali a bangon bulo mai rami da fisha ta roba, wato robar da ake cusawa a ramin bango ta riƙe sukuru. Bulon ba ya riƙe irin wannan nauyi. Ko dai a ɗaure da noti mai buɗewa a cikin kankare tsantsa, ko kuma, wanda ya fi kwanciyar hankali, a ba dandamalin ginshiƙansa a gefen bango ya tsaya da ƙafarsa.

Da yawa a nan sukan sa mai walda ya haɗa firam da fayif mai kusurwa huɗu saboda gara, sannan a shimfiɗa katako a kai. To sukurun katako ba zai shiga ƙarfe ba. Ana neman mai bakin dirila a tsininsa da ƙananan fukafukai biyu: fukafukan suna buɗa rami a katako, su karye idan sun iso ƙarfe, tiredin ya kama. Yana son fayif mai ɗan kauri, kamar milimita 2, don a siririn fayif fukafukan ba sa karyewa yadda ya kamata. Sitenles A2 ba ya huda ƙarfe da kansa, sai an riga an huda masa. Sukurun kwano mai roba a wuya kuwa kansa a waje yake tsayawa, zai yanki ƙafa.

Allon roba da garin katako da ake kira WPC yana zuwa da nasa maƙalai da sukuru. A saye su tare da allon, a bi tazarar da kamfanin ya rubuta, domin zafi yana miƙar da shi.

6. Lissafin adadi da kuɗi

Kowane falanki yana cin sukuru biyu a kan kowane haƙarƙari da ya ratsa. Ɗaya a tsakiya bai isa ba, gefunan za su ɗaga falankin ya zama kamar kwami.

Misali dandamali mai mita 3 da mita 4, falanki mai faɗin milimita 140, tazara 5 a tsakani, a shimfiɗe ta tsawon mita 4. Raba milimita 3000, wato mita 3, da 145, wato faɗin falanki da tazara, ka samu layi 21. Haƙarƙari a kowane santimita 40 cikin mita 4 ya zama 11. Ninka 21 da 11 da 2, ya ba ka 462. Ƙara kashi 10 cikin 100 saboda masu karyewa da masu ɓacewa da wuraren haɗin falanki, kusan 510 ke nan. Idan kwalin 200 ne, kwali uku. A taƙaice, mita murabba'i ɗaya yana cin 35 zuwa 40. Falanki mai faɗin milimita 90 kuwa zai ci kusan 55 zuwa 60, saboda layukan sun fi yawa.

A jerin sayayya ka ƙara bakin T25 guda uku, bakin huda na 3.5 guda uku ko huɗu don suna karyewa, na 5 guda biyu, bakin share wurin kai guda ɗaya, noti M12 biyu ga kowane ginshiƙi da washa biyu ga kowane noti, igiyar alli, da kyandir.

Wajen farashi, kada ka kwatanta kwali da kwali, raba kuɗin da adadin da ke ciki ka ga na guda ɗaya. Sitenles yakan ninka mai rufin fenti, A4 kuma ya fi A2 tsada. Amma ɗora kuɗin sukurun kusa da na katako da ladan kafinta, za ka ga ƙaramin kaso ne. Inda za a iya ragi shi ne a sa sitenles a falankin sama da matakala, galbanaiz a ƙashin ƙasa. Ka sayi duka a lokaci guda, don idan ya yanke a tsakiyar aiki kafinta zai cike da abin da ke aljihunsa.

7. Huda rami

A katako mai tauri kowane sukuru sai an huda masa, ba togiya. Ga mai kauri 5: huda falankin sama da bakin 5 don sukurun ya wuce ba tare da ya kama ba, sannan ka ci gaba cikin haƙarƙari da bakin 3.5 idan mai tauri ne, ko 3 idan mai laushi ne. Zurfin ya kai tsawon sukurun. Naɗa salatif a jikin bakin ya zama alama. Daga nan ka share wurin kai daidai faɗinsa.

A katako mai laushi ana iya ɗaurawa kai tsaye a tsakiyar falanki, amma a bakin ƙarshensa dole a huda, in ba haka ba ya tsage.

Tazara daga gefen falanki milimita 20 zuwa 25. Daga ƙarshensa ma kada ta gaza 20. Inda falanki biyu suka haɗu baki da baki, haƙarƙari ɗaya bai ishe su ba, sukurun zai matsu a baki. A liƙa wani guntun katako a gefen haƙarƙarin, kowane falanki ya samu mazauninsa. Buga igiyar alli a kan kowane haƙarƙari don layin ya miƙe, kuma kada a sa jan alli, yana barin tabo.

Gargaɗi: loko yakan ɓoye wani farin abu mai tauri kamar dutse a cikinsa, tik kuma yana dakushe baki da sauri. Da ka ga hayaƙi ko ramin ya yi baƙi, canza baki. Ƙurar loko tana damun ƙirji da fata, a rufe hanci.

8. Ɗaurawa

Sitenles ya fi ƙarfen gama-gari laushi, don haka a bi shi a hankali. Sa dirila a giya ta ɗaya, ka saita zoben ƙarfinta a tsakiya, ka gwada a guntun katako har ka samu lambar da take tsayar da kai daidai da fuska. Injin da ke bugawa yana murɗawa yana da sauri, amma shi ya fi tsinke kan sitenles a katako mai tauri. Idan da shi za a yi, a sassauta yatsa kafin kai ya zauna.

Goga tsinin a jikin kyandir kafin ka ɗaura, zai shiga sumul. Kada a sa sabulu, yana jawo danshi. Riƙe dirilar a miƙe, ka danna da nauyin jikinka, kuma kada ka tsaya a tsakiya ka sake tayarwa, a nan ne yawanci yake karyewa.

Kai ya zauna daidai da fuskar katako, ko ya nutse kamar milimita 1. Wanda ya nutse da yawa ya zama ɗan kwanon tara ruwa, daga nan ruɓa take farawa. Wanda ya fito kuma yana kama ƙafa da tabarma.

Tazara tsakanin falanki milimita 5 zuwa 6 idan busasshe ne. Idan da sauran danshi a jikinsa, 2 zuwa 3 ta isa, zai buɗe da kansa. Amma ɗanyen katako sosai, wanda aka yanko kwanan nan, kada a ɗaure shi. A jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska tukuna, domin idan ya motse a ɗaure ko dai ya tsage ta wajen sukurun ko ya tsinke shi.

9. Idan ya karye, da dubawa bayan hunturu

Idan sukuru ya tsinke kuma guntun ya fito waje, kama shi da filaya mai kullewa ka murɗo shi baya. Idan a ciki ya tsinke, kada ka tona. Huda sabon rami santimita 2 daga wurin, a kan haƙarƙarin dai, ka toshe tsohon da ɗan tsinken katako da gam mai jure ruwa. Idan uku ko huɗu suka karye a jere, dakata: ko ramin ya yi ƙanƙanta, ko bai kai zurfi ba, ko ƙarfin dirilar ya yi yawa.

Bayan hunturun farko katako zai motse, sai ka bi layi-layi da dirila a ƙaramin ƙarfi ka ɗan ƙara matse duk wanda ya saki, ka bi notin ƙasa da sifana. Kafin damina ta sauka ka kwance guda biyu ko uku daga wurin da ruwa ya fi zama, kamar ƙarƙashin indararo ko inda ake ajiye tukwanen fure, ka duba wuyansu. Idan ka ga ja ko wuyan ya sirance, canza na wannan yankin da A2 tun kan yana kwantuwa. Ragowar kwalin a ajiye shi da takardarsa a wuri busasshe, don ranar gyara a samu iri ɗaya.